Guzurin Tamimu

"Mma, Kawu Tamimu mahaukaci ne?"

Rafia ce ta yi tambayar, tana zaune dirshan a ƙasan kicin tana ɗura soyayyiyar gyaɗa a ƙananan ledoji, ɗaya a leda biyu a baki. Shekararta shida, kuma ba ta cika yin Hausa ba. A yi mata magana da Hausa ta mayar da Turanci, kamar sauran yaran unguwar Bronx ta New York. Amma ranar nan da akwai babba a falo, sai bakinta ya buɗe ta yi tambayar da Hausa tsantsa, da muryar da ta kai har bakin ƙofa.

Uwarta Suweiba ta ajiye kofin da take auna garin rogo da shi, ta tambaye ta a hankali wa ya gaya mata haka. Yarinyar ta ce a Islamiyya ta ji. Wai duk wanda ya bar gida ya rataya jaka ya shiga daji da ƙafa, gashi ya cukurkuɗe, ba wanka ba wanki, ai ba sai an kai shi asibiti an tambaya ba.

Baba Sumani ya yi gyaran murya daga falo. "Ƙyale ta. Abin da manya ke jin nauyin faɗa ne yarinya ta faɗa."

Suweiba ta ce, "To, Baba." Ta ci gaba da awonta.

Baba Sumani ƙanin mahaifinta ne. Shi ya fara tsallakowa Amurka a zuriyarsu, da tuƙin tasi ya jawo yayansa da iyalinsa daga zangon Kumasi. Mahaifin ya daɗe da rasuwa, mahaifiyar kuma a sanyin bara ta bi shi, saboda haka shi ne uba yanzu. Ba a ɗaura aure, ba a raɗa suna, ba a ko sauya gidan haya sai an je an durƙusa an gaya masa. Mutum ɗaya ne ya taɓa yin abu bai gaya masa ba, shi ne Tamimu.

Tamimu ƙanin Suweiba ne, ciki ɗaya. Yana ƙarami aka zo da shi, a nan ya yi karatu, a nan kuma wani malaminsu ya taɓa kwasarsu ya kai su hawan dutse, abin ya shiga ransa. Shi ya yi jinyar mahaifiyarsu har ta cika. Bayan addu'ar arba'in sai barci ya ƙaurace masa. Ya daina shiga ɗakinta, ya daina cin abinci a gida. Da sanyi ya yi sauƙi ya ajiye aikinsa na shagon wayoyi a Fordham Road, ya ce bas zai hau zuwa Georgia. Akwai wata hanyar ƙafa da ta taso daga can ta bi ta kan duwatsu da dazuzzuka har jihar Maine a ƙuryar arewa, ana ce mata Appalachian Trail, tafiyar wata biyar ko shida ce. Ita ya ce zai taka daga farko har ƙarshe.

Ita ma Suweiba ba so take ba. Ta yi kuka, ta yi faɗa, ta haɗa shi da Allah. Da ta ga jakarsa a bakin ƙofa sai ta share hawaye ta yi masa tambayar da ta fi damunta: me zai ci?

Nan ta koyi yadda abin yake. Mutum ba ya iya goya abincin da ya wuce na 'yan kwanaki. Hanyar takan gifta kusa da wani ƙauye, sai matafiyi ya sauko ya tarar da kwali yana jiransa a gidan waya ko a masauki, wanda mutanensa suka aiko da sunansa. Wasu a kantunan ƙauyen suke saye, amma aljihun Tamimu ba nauyi, kuma yawancin naman da ake samu a irin waɗannan kantuna da alade a ciki. Cikinsa dai yana hannun yayarsa. In kwali ya riga shi isa, ya ci. In ya makara, ko ya zauna jira ko ya wuce da yunwa.

Kwalin farko irin na gida ta cika shi: gwangwanayen kifi, kwalbar shito, soyayyen yajin nan na Ghana, ɗanyen wake, har da tumatirin gwangwani. Ya bugo waya yana dariya, dariyar farko da ta ji daga bakinsa tun rasuwar. Ya ce, "Yaya, a bayana fa zan ɗora. Ba jaki gare ni ba." Daga nan ta gane. Ba gwangwani, ba kwalba, ba abin da sai an daɗe a kan wuta. Ta riƙa haɗa garin rogo da madarar gari da sukari da gyaɗa a leda ɗaya, ya zuba ruwa kawai ya sha. Ta yi ƙuli-ƙuli, ta yi dakuwa, ta soya shito har ya tsane ta ɗura a 'yar roba mai murfi. Dabino kuwa har Harlem take zuwa, shagon 'yan Nijar, don nasu ya fi bushewa. Kowace leda cin rana ɗaya ce, kuma sai ta ɗaga ta a tafin hannu ta ji nauyinta kafin ta saka. Turawan da suke haɗuwa a hanya har suna suka sa masa, wai Gari.

Bayan ƙaramar Salla hanyar ta kawo shi kusa da New York. Suweiba ta dafa wake da shinkafa cike da kula, ta kama hannun Rafia suka hau jirgin ƙasa zuwa wata tasha da ba ta da ko rumfa, katako ne kawai a bakin ciyawa. Da ya fito daga cikin itatuwa ba ta gane shi ba sai da ya ce "Yaya". Ƙasusuwan wuya sun fito, gemu ya cika fuska, wari kuwa har Rafia ta toshe hanci. Amma idonsa ya dawo daidai. Ya ci har ta ji tsoro, ya yafito wasu matafiya biyu ya ce bismilla, suka sa hannu suna ci suna hawayen yaji. Yana suɗe yatsu ya gaya mata yanzu yana barci, da ya kwanta sai asuba. Sannan ya kawo zancen zangon ƙarshe. A Maine akwai daji mai tsawon mil ɗari ko fiye, ba gari, ba kanti, waya ma ba ta cika kamawa ba. Ƙauye ɗaya ne a bakinsa. Abin da mutum ya ɗauka a ƙauyen nan shi zai ci har ya fita, kuma dole ya fita kafin sanyi ya sa a rufe dutsen ƙarshe, inda hanyar take ƙarewa.

"Duk kwalin da zai makara ya makara, Yaya, ban da wannan."

Shi ne kwalin da take haɗawa ranar da Rafia ta yi tambayarta. Babbar Salla ba ta daɗe da wucewa ba. Ta yanka kasonta na naman layya siri-siri, ta soya shi ƙarau, ta barbaɗe da yaji, ba ta bar wa gida ko tsoka ɗaya ba. Ta sa ledojin gari fiye da kullum, ta cusa safa mai kauri a gefe. Rafia ta zana wani mutum mai dogayen ƙafafu a jikin kwalin, da rana a saman kansa.

Kaiwar ce matsala. Suweiba aikin kula da tsofaffi take yi, washegari kuma tun safe za ta shiga gidan wata tsohuwa da ba a barinta ita kaɗai, ba za ta fito ba sai an rufe gidan waya. Mijinta Abukari yana aiki a Ohio, sai ƙarshen wata yake leƙowa. Tana liƙe kwalin tana magana da kanta, ko ta roƙi maƙwabciya, ko ta nemi a ba ta rabin yini. Baba Sumani ya taso ya tsaya a ƙofar kicin, ya daɗe yana duban kwalin.

"Kawo. Gobe zan bi ta gidan waya."

Suweiba ta ɗago ta dube shi. Tunda aka fara tafiyar nan ba ta taɓa ba wani kwali ba. Da hannunta take miƙawa, ta karɓi 'yar takardar da ake bin sawun kaya da ita, ta riƙa dubawa a waya har ta ga ya isa. Amma ta yaya za ta ce wa ƙanin ubanta a'a? Tayin alheri ya yi, a gidanta, a gaban 'yarta. Ta wani ɓangaren har daɗi ta ji, ta ce ko zuciyarsa ce ta fara saukowa. Ta ɗauki kwalin da kanta ta sauka da shi, ta sa a but ɗin tasi, ta rusuna ta yi godiya. Maganar takardar ta zo mata har leɓe, ta haɗiye. Ba a ce wa babba ya kawo shaida.

Mako ya zagayo, har ya ɗan gota, sai ga wayar Tamimu daga ƙauyen bakin daji. Ya isa lafiya, amma ba kwali. Ya duba a masauki, ya duba a gidan waya, ba a gan shi ba. Ta ce ya kwantar da hankalinsa, Baba ne ya kai da kansa, ƙila a hanya ya tsaya. Ya ce to.

Ta kira Baba Sumani. Ta gaishe shi, ta tambayi gwiwar matarsa Inna Damata, ta tambayi aiki, ta tambayi mutanen Kumasi. Sai da gaisuwa ta ƙare ƙaƙaf sannan ta ce, cikin ƙaramar murya, Tamimu ya isa ƙauyen, yana gaisuwa, kwalin nan ne dai har yanzu.

"Na ce miki zan kai, ko ban ce ba?"

"Ka ce, Baba."

"To?"

"Allah ya huci zuciyarka, Baba."

Ya ce yana da fasinja, ya kashe. Ta zauna da wayar a hannu tana jin kunyar kanta, wai ta tuhumi babba. Ta sake kiran Tamimu ta ce ya ƙara haƙuri, gobe ko jibi zai gan shi. Ta ce ko ta haɗa wani kwalin, ya ce kafin ya iso ai na farkon ya zo. Ta ce to ta turo masa abin sayayya, ya ce da sauran canji a hannunsa, ta ji da Rafia. Ba ta matsa ba, don a ranta kwalin yana cikin wata mota, saura kaɗan.

Ya jira. Waɗanda ya tarar a masaukin suka wuce, waɗanda suka zo bayansa ma suka wuce. Wata rana tana yi wa tsohuwar da take kula da ita wanka, wayar tana cikin jaka a falo, ya kira bai same ta ba, ya bar saƙon murya. Ya ce ba zai iya ƙara jira ba, sanyi ya fara sauka. Akwai wani akwati a masaukin da matafiya ke zuba abin da ba sa so, ya tsinci alkamar kunu da 'yar taliya a ciki, ya sayi biskit da man gyaɗa ya ƙara. In ya yi sauri zai ishe shi. "Kada ki damu, Yaya. Lafiya lau nake."

Ta saurari saƙon nan har ba ta san sau nawa ba. Ta san wannan lafiya lau ɗin. Ita yake ce mata lokacin da mahaifiyarsu take kwance, shi kuma yana ramewa a tsaye. Ta kira, wayar ba ta shiga.

Ranar Lahadi aka yi suna a gidan Baba Sumani, surukarsa ce ta haihu. Suweiba ta je ba don tana so ba, don rashin zuwa magana ce. Mata sun cika kicin, ana ta tsiya da dariya, wata na cewa shinkafar wata ta yi kama da kunu. Inna Damata ta rasa babbar tukunya, ta manta da kanta ta ce wa Suweiba ta duba a ƙaramin ɗaki, inda ake tara kayan da za a aika Ghana. Suweiba ta tura ƙofa, ta kunna fitila, ta matsar da wata shuɗiyar ganga. A bayanta ga mutum mai dogayen ƙafafu, da rana a saman kansa. Kwalin yana nan yadda ta liƙe shi, ba tambarin gidan waya ko ɗaya a jikinsa.

Ta dafa gangar. Da ta juyo sai ta ga Inna Damata a bakin ƙofa, hannu a baki. Matar ta fara rantsuwa ba laifinta ba ne, cewa aka yi ta yi shiru. Suweiba ta ɗauki kwalin ta rungume, ta ratsa ta cikin mata, ta shiga falo inda maza suke zaune, wurin da mace ba ta shiga ranar suna sai da tire a hannu. Ta ajiye shi a gaban Baba Sumani, ta durƙusa. Hira ta tsaya.

"Baba, wannan kwalin Tamimu ne."

"Na sani." Bai ko sauke ƙafarsa daga kan ɗaya ba. "Yaro in ya ji yunwa gida yake dawowa. Ubanku ma ya taɓa fushi ya bar gida, kakarku ta hana kowa a zango ba shi ko ƙosai. Kafin a je ko'ina yana tsakar gida yana wanke hannu. Ke ce kike ciyar da haukan nan. Kina tura abinci yana ƙara gaba, mutane suna zunɗenmu a masallaci. Na ce bari in yanke, ya hau bas ya dawo."

Wasu dattawa biyu suka gyaɗa kai. Ɗaya ya ce haka aka hore su duka, ga su nan sun zama mutane.

Suweiba ba ta ɗaga murya ba, kanta a ƙasa yake. "Baba, can ba zango ba ne. Ba maƙwabta, ba mai ƙosai, ba bas. Bai dawo ba. Ya shiga dajin, yau kwanaki ke nan, da abincin da bai kai rabi ba."

Ya sauke ƙafar. "Ya shiga? Ba abinci ya shiga?"

"Ya jira, Baba. Ni na ce ya jira, don na ce kai ka kai."

Ta ga abin a fuskarsa. Bai taɓa kawo haka a ransa ba. A tunaninsa dajin Amurka wani lambu ne mai ƙofa da mai gadi, in ka gaji ka fito ka tsayar da tasi. Ya buɗe baki zai yi magana, ita kuwa ta miƙe ba a sallame ta ba, abin da ba ta taɓa yi ba tunda aka haife ta. Ta ɗauki kwalin, ta kira Rafia, suka fita.

A matakala ta kira masaukin. Matar da ke riƙe da wurin ta tuna shi sarai, yaro mai ladabi da yake zuwa kowace safiya ya tambayi kwali. Ta ce ta yi masa tayin ƙarin abinci, ya yi godiya ya ce wanda ya samu ya isa. Ta ce tun bayan tafiyarsa ruwan sama bai ɗauke ba, ƙoramu sun cika. Amma akwai wata hanyar masu saran katako da ta ratsa tsakiyar dajin, mijinta yakan kai wa matafiya abinci can. Suweiba ta ce a kai, ko mene ne, ban da alade.

Mutumin ya kai. Ya rataye bokitin abincin a itace, ya zauna a mota har yamma, Tamimu bai ɓullo ba. Washegari ya koma. Wasu matafiya da suka wuce suka ce sun ga Gari a baya can, yana zaune a kan dutse yana haki. Sun tambaye shi, ya ce lafiya lau, hutawa yake. Har biskit ya miƙa musu. Da Suweiba ta ji wannan sai ta shiga banɗakin gidan aikinta ta toshe bakinta da tawul. An koya masa ba a ci a gaban mutum ba a yi tayi ba, ba a koya masa cewa ina jin yunwa ba.

Aka sanar da ma'aikatan daji, suka shiga nema. Ita kuwa tana Bronx, ba abin da za ta iya sai riƙe waya. Ta sa ta a aljihun ƙirji, tana ba tsohuwa abinci a baki cokali-cokali, tana share mata haɓa. Kwalin yana kan teburin kicin. Rafia ta daina tambaya, sai dai ta zo ta tsaya kusa da shi ta shafa zanenta. Kowace yamma in Suweiba ta dawo takan ga tasin Baba Sumani a ƙasan gininsu, injin a kashe, shi a ciki da carbi. Bai hau ba, ita ma ba ta ƙwanƙwasa gilashin ba.

An same shi da rai. A ƙasan wata ƙorama aka tsince shi, nesa kaɗan da hanya. Jiri ne ya ɗebe shi a tsakiyar ruwa, ya faɗi, ƙafar hagu ta shiga tsakanin duwatsu ta karye har ƙashi ya huda fata. Ya ja jiki ya fita, ya shige jiƙaƙƙen bargonsa, ya kwana a nan ya sake kwana, sanyi yana dukansa. A jakarsa ba a samu komai na ci ba sai ledoji da aka lashe, da 'yar robar shito ta tsohon kwali, an kankare ta fes.

Baba Sumani ne ya tuƙa su zuwa asibitin da aka kai shi, tafiyar yini guda. Ba su tsaya ba sai don salla. Kafin su isa likitoci sun riga sun yanke shawara, don ciwon ya ci ƙafar. Sun cire ta daga ƙasan gwiwa.

Tamimu yana kwance, an aske masa gemu, fuskar ta koma ta yaro. Ya kama hannun yayarsa ya yi ƙoƙarin murmushi. Ya ce kada ta je ta yi faɗa da mutanen gidan waya, ɓatan kaya yana faruwa, shi ne ya yi gaggawa. Baba Sumani yana tsaye a bakin ƙofa, hula a hannu. Suweiba ta dube shi, ta ba shi lokaci ya yi magana. Ya sunkuyar da kai. Ta san abin da ake so ta yi. A rufa wa babba asiri, a ce ƙaddara ce, a bar yaro ya ɗauki laifin a kansa har ya mutu.

"Bai je gidan waya ba, Tamimu. A ɗakin Baba na same shi, bayan ganga."

Ya dubi yayarsa, ya dubi ƙanin ubansa, ya daɗe yana dubansa. Bai tambayi dalili ba, ya san dalilin. Ya saki hannunta a hankali ya juya fuskarsa bango. Can ya tambaya, ba tare da ya juyo ba, ko ana hango dutsen ƙarshe daga tagar asibitin. Aka ce ba a hangowa.

Ya dawo gida kuwa. A kujerar bayan tasin Baba Sumani ya dawo, da sanduna biyu a kan cinya. Mutanen zango da ke Bronx suka yi ta zuwa sannu, suna cewa Allah ya taƙaita, wasu suna ƙarawa da cewa ai dama daji ba wurin ɗan mutunci ba ne. A gidan Suweiba yake zaune yanzu, a hawa na huɗu, ginin da liftarsa ta fi lalacewa a kan aiki. Barcin da ya samo a hanya ya sake ƙaurace masa. Kowace Juma'a Baba Sumani yakan zo da kula cike da tuwon Inna Damata, ya zauna a bakin kujera kamar baƙo. Tamimu yakan gaishe shi da ladabi, ya tambayi gida, ya tambayi aiki. Kular kuwa yadda ta zo haka take komawa. Suweiba har yanzu tana rusunawa in za ta gaishe shi, amma ko fakitin gishiri ba ta ƙara ba shi ya kai wani wuri ba.

Naman layyan nan bai lalace ba, ta soya shi da kyau. Ba wanda ya iya ci. Ta kai masallaci aka raba.

Ke da kike karanta wannan, in naki yana kan hanya kuma cikinsa yana hannunki, ki kai guzurinsa da ƙafarki. In ya zama dole ki ba wani, ko wane ne shi, ko shi ya raine ki, ki buɗe baki ki tambaya ya kai ko bai kai ba, ki ce a nuna miki. Za a ce ba ki da kunya, ki bari a ce. In ɗanki ko ƙaninki ya ce miki lafiya lau, ki tambaye shi me ya ci yau, me ya rage a jaka. Kuma kada ki yarda kowa ya hora miki yaro da yunwa a ƙasar da bai san faɗin dajinta ba.